Fijo Mai Tozo

Malam Inuwa yana tsakiyar rubuta lissafi a allo aka ce masa Bahago ya aiko, wai ya zo yanzu-yanzu. Bai san yadda ya ƙarasa darasin ba. Ana kaɗa ƙararrawar tashi ya haye babur ɗinsa, ko farin allin da ke hannunsa bai wanke ba, ya miƙe sai Gyallesu.

Bahago makanike ne, abokin Inuwa tun suna yara a Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya. Sunansa na yanka Lawal, amma tun da aka ga da hagu yake riƙe sifana sunan ya ɓace. Garejinsa fili ne kawai a gindin wani ƙaton maɗaci, da sarƙar ɗaga inji rataye a reshe. Inuwa ya same shi yana ta kai da kawowa, baki har kunne.

“Malam, rufe idonka.”

“Kai dai nuna mini, Bahago.”

Bahago ya yaye wani tsohon tamfol. Inji ne a kan katako, fes da shi, ko ɗigon baƙin mai babu a jikinsa. Ya ce iskar farkon damina ce ta kayar da bishiya a kan wata sabuwar motar Japan a Sabon Gari. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Jikin motar ya murƙushe, injin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, kuma mai motar ya yarda ya rabu da shi.

“Injinan Fijon da na gani a kasuwa duk sun sha wuya a tasi,” in ji Bahago. “Wannan yaro ne ɗanye. In ya shiga motar Baba, wallahi sai ka riƙe hularka.”

Inuwa ya durƙusa ya shafa injin.

Motar da ake magana Fijo 404 ce shuɗiya, ta mahaifinsa, marigayi Malam Jalo, wanda ya yi aikin magatakarda a kotu. Injinta ya buga shekarar da ya rasu, aka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano a jikin katangar gida, ta zama wurin kwanan kaji. Bayan shekaru, a wannan shekarar ta 1991, mahaifiyarsu, Iya Adama, ta tafi aikin Hajji. Ranar da za a kai ta sansanin alhazai a motar haya, Inuwa ya ga ta tsaya a rumfar ta share ƙurar madubin motar da gefen mayafinta. Shi kuwa tun daga nan ya ƙudurta a ransa cewa a wannan motar zai ɗauko ta daga filin jirgi.

Washegari aka kori kajin, aka hura tayoyi, aka ɗaura igiya aka ja motar zuwa Gyallesu. Mutanen unguwa suka fito suna kallo. Wani dattijo ya ce, “Ashe za mu sake ganin motar Malam Jalo a hanya?”

Cire tsohon injin bai ba su wahala ba. Wani mai yankan ƙarfe a Sabon Gari ya yi musu faranti mai kauri wanda zai haɗa sabon injin da tsohuwar giya. Ranar Asabar da safe aka ɗaura sabon injin a sarƙa, Bahago yana ja a hankali, Inuwa ya tuɓe babbar riga yana riƙe da gefe ɗaya. Injin ya sauka, ya sauka, sai ƙwas, ya tsaya.

“Me ya taɓa?”

Bahago ya leƙa. “Fanka ce ta ci karo da lagireto. Injin nan ya fi tsohon tsawo.”

Suka ɗaga, suka kwance lagireton, wato tukunyar ruwan sanyaya inji, suka matsar da shi gaba har ya kusa manne wa ragar fuskar motar. Aka sake saukewa. Wannan karon fankar ta wuce, da ɗan sararin da yatsa zai shiga. Inuwa ya fara murna, sai Bahago ya ce ya shiga ya murɗa sitiyari. Ya murɗa, ya ji abu yana gurzawa. Bututun fitar hayaƙi ne ya kwanta a jikin sandar sitiyarin.

A nan aka kira Nasidi, wani dattijo mai walda da bugun jikin mota, wanda rumfarsa take maƙwabtaka da garejin. Nasidi ba mai yawan magana ba ne. Ya kunna wutarsa, ya gasa bututun har ya yi ja, ya lanƙwasa shi ya kauce wa sandar, ya kashe wutar ya koma rumfarsa.

Haka suka yi ta fama kwana da kwanaki. Inuwa yana tashi daga makaranta sai gareji. Matarsa ta gaji da wanke baƙin mai a rigunansa, ta ware masa wata tsohuwa ta ce ita ce kakinsa. Kullum in an warware wata matsala sai wata ƙarama ta leƙo: yau waya ba ta kai ba, gobe tiyon ruwa ya yi gajere. Amma kullum injin yana ƙara zama daram, kamar dama can wurinsa ne.

Ranar da za a tayar, Bahago ya zuba fetur kaɗan a kafireto, mashigar mai ta injin, ya goge hannu, ya miƙa wa Inuwa makulli.

“Kai za ka tayar. Motar babanka ce.”

Inuwa ya zauna a kujerar da ya saba ganin mahaifinsa, ya yi bisimilla, ya murɗa. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama. Wata irin ƙara mai laushi, ba kakkarwa, ba hayaƙi. Inuwa ya taka totur, motar ta amsa da wani kuka wanda bai taɓa jin ta yi ba.

“Allahu Akbar!” Bahago ya yi tsalle ya jefa hularsa sama. Masu shayi da masu faci suka rugo. Nasidi ma ya leƙo daga rumfarsa ya gyaɗa kai. Inuwa ya fito ya rungume Bahago, suna dariya kamar yara.

“Rufe bonet mu zaga gari!” in ji Inuwa.

Bahago ya saki murfin. Bai rufu ba. Ya tsaya a buɗe kamar bakin mai hamma. Ya ɗaga ya sake saki, ya danna da hannu biyu, ya ji ƙarfe ya tokare ƙarfe. Dariyar ta tsaya.

Suka leƙa tare. Bahago ya dafe kai.

“Ka ga abin da ban lura da shi ba, Malam. Injin Fijo a kishingiɗe yake zama, shi ya sa aka yi mata gaba a kwance. Wannan kuwa a tsaye yake ƙiƙam. Kwanon tace iska da ke kan kafireto shi ne ya tokare.”

“A cire shi mana.”

Aka cire. Murfin ya ƙara sauka, amma kan kafireton kansa ya taɓa. Kuma Bahago ya ce ko ya rufu a haka ba zai yarda ba, don injin da ke shaƙar ƙura ba tacewa ba ya daɗewa.

“To a sauke injin ƙasa,” in ji Inuwa. “A rage tsayin mazauninsa.”

Bahago ya shiga ƙarƙashin motar ya daɗe yana dubawa. Ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce za a iya, sai dai kwanon baƙin mai da ke ƙasan injin zai sauko kusa da ƙasa. A kwalta babu komai. Cikin birni ne yake jin tsoro.

“A hankali zan riƙa tafiya,” in ji Inuwa. Ɗoki ya hana shi jin sauran maganar.

Nasidi ya yanke mazaunin ya sake walda. Injin ya nutse, aka mayar da kwanon iska, Bahago ya saki murfin. Ƙyas! Ya rufu. Suka sake yin kabbara.

Da la’asar suka hau hanya. Daga Gyallesu suka miƙe kan kwalta, Inuwa ya ba ta wuta, iska tana shigowa ta taga tana kaɗa musu riguna. Motar da a da sai an lallaɓa ta take hawa tudu, yau giya uku kawai ta sa suka bar wata tasi a baya. Bahago yana dukan ƙofa daga waje yana ihu, “Ba na faɗa maka ba! Ba na faɗa maka ba!”

Suka shiga birni ta Ƙofar Kuyambana, suka karya lungun gida. Yara suka biyo su da gudu. A bakin lungun akwai wata kwata da aka rufe da falalen dutse, ta yi ɗan tudu. Malam Jalo ya haye ta a wannan motar ba adadi. Inuwa ya rage gudu, amma idonsa yana kan maƙwabtan da ke ɗaga masa hannu. Tayoyin gaba suka haye, suka sauka.

Ƙararrr!

“Kashe! Kashe ta!” Bahago ya daka tsawa.

Inuwa ya murɗe makullin. Suka fito. Baƙin mai yana tsiyaya daga ƙarƙashin motar, ya bi dutsen ya gangara cikin kwatar. Inuwa ya tsaya hannu a ƙugu. Bahago ya kwanta a ƙasa da rigarsa, ya shiga ya daɗe.

“Kwanon ne ya tsage,” ya ce daga ƙasa. “Injin lafiyarsa lau, mun kashe da wuri. Wannan Nasidi zai like shi.” Ya fito ya zauna a gefen kwatar. “Amma gaskiya ɗaya ce, Malam. In injin ya sauka, ƙasa ta ci shi. In ya hau, murfi ya ƙi rufuwa. Sai dai a mayar da shi sama, a huda bonet ɗin.”

“A huda me?”

“A yanke daidai inda ya tokare.”

“Ba za a sa wuta a jikin motar Baba ba,” in ji Inuwa. “Ciki na yarda a canja, ba mai gani. Amma fuskarta? A’a.”

Matasan unguwa suka taya su tura motar rumfarta. Inuwa ya shiga gida a sanyaye.

A tsakar gida ya tarar da yayarsa, Nana, wadda ta zo daga gidan mijinta don shirin tarbar Iya. Tana zaune gaban murhu tana suyar dubulan, rediyo a gefenta.

“Ka ji sanarwa?” ta ce. “Jirgin su Iya jibi zai sauka a Kaduna.”

Inuwa ya zauna a kan turmi ya ba ta labari duka. Ta saurara tana juya dubulan a mai.

“Yanzu kai tsoronka kada a taɓa fentin?”

“Yaya, motar Baba ce. Yadda ya bar ta nake so Iya ta gan ta.”

“Yadda ya bar ta?” Nana ta ajiye matsami ta dube shi. “Inuwa, shekarun nan da kaji suke kashi a kan bonet ɗin, ban taɓa jin ka ce fuskar motar Baba ba ce. Iya ta gaji da ganin ta yadda ya bar ta. Kullum ta fita unguwa a gabanta take wucewa. Tafiya take so ta ga tana yi.”

“To in bar rami a gaban mota, ga damina?”

“Wannan kuma ku ya shafa, ku masu ƙarfe. Ni dai jibi ina gidan bayan motar nan.” Ta miƙa masa dubulan mai zafi. “Ci ka tashi.”

Da safe aka ja motar aka mayar Gyallesu. Nasidi ya like kwanon mai, aka sake ɗaga mazaunin injin yadda yake da farko. Inuwa bai ce a yanka ba, bai ce kada a yanka ba. Yana zaune a benci yana kallon murfin da ya koma hammarsa, sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Suka fake a rumfar Nasidi.

A tsallaken titi ana gina wani gida. Leburorin, mutanen ƙauye ne da ke shigowa neman aiki, suka watse neman mafaka. Ɗaya daga cikinsu ya kife kwanon sarkin da yake ɗiban kankare da shi a kansa, ya taho a guje, ruwa yana zuba ta gefe-gefe bai taɓa fuskarsa ba.

Inuwa ya miƙe tsaye.

“Bahago! Dubi kan mutumin can!”

“Me ya same shi?”

“Kwanon! In an yanke, a kife irinsa a kan ramin. Ruwa ba zai shiga ba, ƙura ba za ta shiga ba, injin ya samu wurin ɗaga kai.”

Bahago ya dubi Nasidi. Nasidi ya bi leburan da kallo har ya shige, sannan ya ce, “Zurfinsa ya isa. A sayo sabo, mai kauri.”

Ko jira ruwan ya ɗauke Inuwa bai yi ba. Ya hau babur ya tafi kasuwa, ya dawo jiƙe sharkaf da sabon kwanon sarki ɗaure a baya. Bahago ya shafa baƙin mai a kan kwanon iska ya sauke murfin, wurin da ya taɓa ya fito a ciki. Inuwa ya ciro alli daga aljihu, ya ɗaura zare, ya zana da’ira a kan shuɗin fentin da hannunsa, irin wadda yake zana wa ɗalibai. Da Nasidi ya kunna wuta sai ya juya baya. Bai waiwayo ba sai da ya ji faifan ƙarfen ya faɗi ƙasa.

Nasidi ya cire wa kwanon hannuwa, ya bubbuga bakinsa ya kwanta daidai da murfin, ya like shi zagaye, ya goge waldar har ta yi sumul. Kafin magariba aka fesa fenti. Shuɗin ya ɗan fi na jikin motar duhu, amma ba a samu wanda ya fi shi kusa ba.

Bahago ya saki murfin. Ƙyas! Ya shiga ƙarƙashi ya auna kwanon mai da tafin hannu, ya fito yana murmushi. Sannan suka ja da baya su uku suka tsaya suna kallo. Gaban motar ya yi wani tudu a tsakiya, zagayayye, yana ƙyalli.

“Wallahi tozo ta yi,” in ji Bahago. “Kamar bijimin Fulani.”

Inuwa ya so ya ɓata rai, dariya ta ƙwace masa. Har Nasidi sai da haƙoransa suka fito.

Ranar saukar jirgi suka fita da hantsi, Inuwa a sitiyari, Bahago a gefensa da akwatin sifanu don ko-ta-kwana, Nana a baya da kwanon dubulan a cinya. Motar ta haye kwatar bakin lungu ba ta taɓa komai ba. A hanyar Kaduna ruwa ya tare su wajen Jaji. Bahago ya sa aka tsaya ya buɗe murfin, ya tarar injin a bushe ƙayau. Ya rufe ya shafa tozon kamar mai lallashin dabba.

Filin jirgi ya cika maƙil da masu tarba. Sun daɗe a tsaye kafin alhazai su fara fitowa. Nana ce ta fara hango ta, ta rangaɗa guɗa ta kutsa cikin mutane. Iya Adama ta rame kaɗan, ta yi haske, ga haƙorin Makka yana walƙiya, ga jarkar zamzam a hannu. Inuwa ya durƙusa.

“Iya, kun sauka lafiya? Allah ya sa karɓaɓɓe ne.”

“Amin, amin. Tashi mana, Inuwa. Wace mota kuka samo?”

Inuwa ya miƙe. Ya ɗauki jakarta ya yi gaba, suka biyo shi. Da suka zo wurin ajiye motoci Iya ta tsaya cak. Ta dubi shuɗiyar motar tun daga baya har gaba. Ta sa hannu ta rufe baki, hawaye suka zubo mata. Ta matso ta dafa ƙofar, ta yi wa Malam Jalo addu’a a hankali, su kuma suna amsawa.

Sannan idonta ya kai kan murfin.

“Wannan kuma fa? Ƙari ne ya fito mata?”

Bahago ya russuna. “Hajiya, sabuwar zuciya muka sa mata, ta fi ƙirjin girma.”

Iya ta ƙwanƙwasa tozon da yatsa, ya yi ƙara. Ta sake ƙwanƙwasawa. “Wannan ai kwanon sarki ne,” ta ce, ta fashe da dariya tana share hawaye. “Kai, yaran nan! To Allah ya yi muku albarka. Lawal, koma baya, ni gaba zan zauna.”

Suka kama hanyar Zariya, rana ta fito bayan ruwa, gonakin dawa sun yi kore shar dama da hagu. Iya tana ba su labarin zafin Makka da cunkoson jifa, tana yi tana kasa kunne ga injin. Ta ce muryar ba ta da ba ce, amma tana da daɗi. Can sai ta miƙa wuya tana duban gaba.

“Inuwa, farar motar can ba ta ɗan Hajiya Mariyamu ba ce?”

Hajiya Mariyamu ƙawarta ce ta Unguwar Kwarbai, ɗaki ɗaya suka zauna a Makka.

“Ita ce, Iya.”

“Tun a Jidda take cika mini baki, wai ɗanta da sabuwar mota zai zo, sai ta yi la’asar a ɗakinta mu ko rabin hanya ba mu yi ba.” Ta gyara mayafi. “Hanya da kowa?”

Inuwa ya leƙa. “Babu kowa.”

“To wuce ta.”

Ya dubi Bahago ta madubi. Bahago ya cire hula ya riƙe a hannu. Inuwa ya sauke giya ya taka, motar ta yi wani yunƙuri ta fita, tozon yana gaba yana keta iska. Suka jera da farar motar. Iya ta sauke gilashi ta ɗaga wa ƙawarta hannu, Nana ta leƙo ta baya ta saki guɗa. Inuwa ya ga Hajiya Mariyamu ta saki baki, ɗanta kuma ya bar kallon hanya yana kallon gaban motarsu. Kafin a ce haka sun bar su a baya.

“Ya isa, rage,” in ji Iya, tana dariya har da riƙe ciki. “Daga ɗakin Allah na fito, kada ku sa ni alfahari.”

Sun isa Ƙofar Kuyambana ana kiran la’asar. Kafin mako ya zagayo kowa a unguwar Mai Tozo yake kiran motar, kuma ta yi shekaru tana kai mata asibiti da biki, tana ɗauko buhunan masara daga ƙauye.

Kwana biyu da dawowar Iya, Hajiya Mariyamu ta zo barka da sauka. Ta shige cikin gida, ɗanta kuwa ya tsaya a rumfa yana zagaya motar. Da Inuwa ya fito suka gaisa, mutumin ya nuna tozon.

“Malam, don Allah mene ne a ƙarƙashin nan?”

Inuwa ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ta taga ya ja wayar buɗe murfin.

“Matso ka gani,” ya ce.